Koya wa Manasse Tsayawa

Litinin, 5 ga Mayu, lokacin tara

Sista Agnes ta asibiti ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da Manasse ya ci, da awa nawa ya yi barci, da ranakun da ya buga kansa. Wata huɗu ke nan littafin yana jakata, shafi biyu kacal na cika. Yau da na buɗe shi ba maganar barci ce ta kawo ni ba.

Jiya da la'asar aka yi abin nan a bakin tasha. Ba zan rubuta shi ba, duk Gomari an ji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda Malam Pindar ya ba da labarin a ofishin malamai da safen nan. Wai sau uku ana ce wa mutumin ya tsaya bai tsaya ba, ga shi da riga mai nauyi a wannan zafin. Da aka gama da shi, aka kwance ƙullin da ke ƙirjinsa da aka zaci bam ne, ashe garin kunu ne. Yana faɗi yana kurɓar shayinsa, sauran suna ta Allah ya kyauta. Ni kuwa allin da ke hannuna ne ya karye.

Shekarar ɗana Manasse goma sha tara. Sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Ko sau goma ka kira shi a hanya ba zai waiwayo ba, ba kuwa don ba ya ji ba, don yana jin ƙarar jirgi tun kafin kare ya ji. Likita ya ce otizim ne, unguwa ta ce taɓin hankali, dangin babansa suka ce daga gidanmu aka kwaso. Rani da damina kwat ɗin sanyi na marigayi babansa Jona ne a jikinsa, aljihu biyu cike da murafen lemo, yana tafe suna kacau-kacau. Kullum goma saura kwata zai fita, ya bi hanyar filin jirgi har gindin darbejiyar da ke jikin wayar shingen filin, ya kalli jirgin safe ya sauka, ya juyo gida. Shekara shida yana haka shi kaɗai.

Yanzu ma yana can. An kaɗa ƙararrawa, ga 'yan aji uku suna jirana da jadawalin bakwai.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Sun gitta igiya a bakin hanyar filin jirgi, sun ajiye duro biyu. 'Yan sa-kan unguwa ne da gorarsu, biyu daga ciki da bindigar farauta. Doka ita ce duk mai babbar riga ya tsaya daga nesa, ya buɗe ta, ya ɗaga hannu sama, sai an duba shi ya wuce.

Ya Kellu maƙwabciyata ce ta tare ni da labarin tun ban ajiye jaka ba. Tana zaune a zaure tana gauraya turaren wutan da take sayarwa, hannunta duk sukari da mai.

"Wushe, sannu da dawowa, Maman Manasse. Yau ɗanki ya tsallake igiya kamar shi ya ɗaura ta."

Na ce, "Suka ce masa me?"

"Yaran layi ne, sun san shi. Dariya suka yi. Amma fa ni ban yi dariya ba."

Na tambaye ta wa ke shugabancinsu, alhali na sani. Ba'ana ne. Shekara goma sha biyu ina canza gefen titi in na hango shi, yanzu ga shi zaune a kan benci a tsakiyar hanyar ɗana.

Manasse ya ci farar shinkafarsa da man gyaɗa. Ya ce, "Jirgi ya zo." Na ce to.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Na kulle shi a gida. Na ba Ya Kellu makulli na tafi makaranta ina ganin na yi dabara.

Sha ɗaya saura ta aiko a kira ni. Ƙofar kwano ta lotse ta ciki. Goshinsa ya fashe a inda ya saba fashewa, ya ciji bayan hannunsa har ya yi shati. Ya Kellu na tsaye a waje tana kuka tana kiran sunansa, ta kasa buɗewa don tsoron ya banke ta. Mata sun taru a ƙofar gida, kowa da shawararta, wata ma har da sunan wani malami a Mafoni wai yana cire irin wannan cikin kwana uku. Na ce mata in ya cire mata tsegumi tukuna sai ta kawo mini lambarsa. Bai kamata in faɗa ba, amma na faɗa.

Na wanke masa goshi da ruwan gishiri. Bai yarda na taɓa shi ba sai da na zauna a bayansa na matse shi da ƙarfi yadda yake so. Muna nan a ƙasa har aka yi azahar.

In na kulle shi zai illata kansa. In na buɗe masa, ga igiya. Tsoro nake ji, Ubangiji, tsoro nake ji ƙwarai.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Na ɓoye kwat ɗin a cikin buhun masara.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe bakwai da rabi

Na fito masa da shi.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Hedimistires ta ba ni mako biyu in riƙa fita bayan tara in raka shi in dawo. Ta ce daga ranar ashirin da shida za a fara gwaji, ba wanda zai bar ajinsa. Ta kyauta, ba ni da bakin magana.

Rakiyar ma aiki ce. Ba ya son kowa a gefensa, sai in bi shi a baya da taku goma. A igiya ni ke ɗaga hannu domin mu biyu, shi kuwa ya ɗaga ƙafa ya haye. Yaran suna gaishe ni, Malama ina kwana, rabinsu ni na koya musu riƙe fensir. Ba'ana in ya hango mu sai ya sami abin dubawa a wayarsa.

Na tsaya a gindin darbejiyar yau karo na uku, na kalli ɗana yadda baƙo zai kalle shi. Dogon saurayi, kwat a rana tsaka, aljihu a kumbure, ya ƙura wa filin jirgi ido yana motsa baki. Sai da na dafa itacen.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar asibiti. Mun isa bakwai saura, lambarmu ta sittin da ɗaya. Likita ɗaya ne yau, ɗayan an ce ya tafi karatu. Manasse ya rasa jirginsa, ya toshe kunne yana ta jijjiga a kan benci, mutane suna ja da baya da 'ya'yansu.

Minti biyar muka yi a gaban likita. Mutumin kirki ne, gajiya ce ta cinye shi. Ya ce zai iya ƙara masa maganin da zai kwantar da shi ya daina fita. Na san maganin. Bara da ya sha, wata biyu yana zaune yawu na zuba, ko shinkafar ba ya iya kaiwa baki. Na ce a'a.

Sista Agnes ta biyo ni har baranda. Na gaya mata komai, har da garin kunu.

Na ce, "Sista, ina matar nan mai koya musu abu da hotuna?"

Ta ce, "Ƙungiyar da ta kawo ta ta rufe aikinta tun Disamba, ta koma garinsu. Babu kowa, Malama. Ke ce."

"Ni jadawali na iya koyarwa."

"To haka za ki yi. Ki yanka abin ƙanana-ƙanana. Kalma ɗaya, motsi ɗaya, kullum iri ɗaya. In ya yi ki ba shi abin da yake so nan take. Kada ki yi ihu, kada ki gaji."

Kada in gaji. Ita ma sai da ta yi dariya da ta faɗa. Ta rubuta mini takarda mai hatimi da ke bayanin halinsa, ta ce in sa masa a aljihu. A keke ina ta juya takardar. Wa zai matso kusa har ya sa hannu a aljihun nan ya karanta?

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Mun fara. Na sayo dabino rabin mudu, shi ne kaɗai abin da zai bar murafensa dominsa.

Na yanka darasin gida uku: tsaya, buɗe kwat, ɗaga hannu. Yana tahowa daga ɗaki zuwa randa sai in sha gabansa in ce, "Tsaya." Sau ashirin yana kewaye ni kamar turmi. A na ashirin da ɗaya ya dakata, ina jin don ƙuda ne ya sauka masa a hanci, amma na cusa masa dabino kafin ya canza shawara.

Hannun ne ya fi wuya. Na tsaya a bayansa na ɗaga masa gwiwar hannu, na ƙirga biyar, sannan na matsa kusa da kunnensa na ce a hankali, "An gama, ɗan Jona. Sauke." Haka nake ce masa tun yana ƙarami in an gama aski ko allura. Ya sauke, ya karɓi dabino, ya tofar da ƙwallon a tafin hannuna.

Ya Kellu na leƙe ta katanga. Ta ce in na gama da shi in zo in koya wa mijinta shi ma, shekara talatin tana cewa ya tsaya bai taɓa tsayawa ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, da asuba

Na sake ganin ƙullin garin kunun nan a mafarki. Na tashi na je na tsaya a kansa ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Asabar, 17 ga Mayu, da la'asar

Sau goma cikin goma! Tsaya, ya tsaya cak. Ya buɗe kwat. Hannu sama kamar mai yabo a coci. Har na yi rawa a tsakar gida, ni da gwiwata mai ciwo. Shekara ashirin da huɗu ina koyarwa, ban taɓa jin daɗin ɗalibi irin na yau ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan sujada

Rawar jiya ta yi wuri.

Na roƙi mijin Ya Kellu ya gwada shi a bakin layi. Dattijon ya gyara murya ya ce, "Tsaya!" Manasse ya wuce shi ko kallo babu. Ya sake, ya sake. Ni na faɗa daga baya, a titin dai, nan ma bai tsaya ba. Muka koma tsakar gida kusa da randa, na faɗa, ya tsaya cak yana jiran dabino.

Wato abin da ya koya shi ne in Mama ta ce tsaya a gaban randa, a tsaya. Titi daban, muryar namiji daban. Na kira Sista Agnes, ta ce haka suke, abin da aka koya a wuri ɗaya ba ya bin su zuwa wani wuri da kansa. Dole a koya masa a inda za a buƙace shi, da irin mutanen da za su faɗa masa.

Na ce na gode, na kashe waya. Na san su waye mutanen.

Litinin, 19 ga Mayu, lokacin tara

An ce daga mako mai zuwa za a riƙa cakuɗa 'yan sa-kan igiyar da 'yan wasu unguwanni, don kada sanayya ta sa a bar wani ya wuce. Mako mai zuwa kuma ni ina aji.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na je. Sau biyu ina kaiwa wajen mai shayi ina juyowa. Ya Kellu ce ta ɗauki mayafi ta ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ta sa ni gaba.

Ba'ana ya miƙe da ya gan mu. Ya yi ƙiba, har da furfura a gemu. A idona kuwa har yanzu yaron nan ne ɗan shekara ashirin da biyu da ke tsaye a bakin wannan titin da gora ranar da Jona ya fita sayen kalanzir da silifas a ƙafa. An tara maza da yawa a ranar, aka zaunar da su a rana. Wasu sun dawo, ban da Jona. Abin da aka gaya mini shi ne an tambayi yaran layi wa suka sani, kuma Ba'ana ya san Jona sarai, don a shagonsa yake cajin waya. Ban san abin da ya ce ba, ko bai ce ba. Ban taɓa tambaya ba, yau ma ban tambaya ba.

Ya ce, "Malama, wushe. Lafiya dai?"

Na ce, "Alfarma na zo nema. Ina so ku riƙa tsayar da ɗana."

Ya ce bai gane ba. Na yi masa bayani a tsaye, ina kallon duro. Abin da shekara da shekaru ban faɗa wa kowa a layin nan ba, na zazzage shi a gaban samari shida: ba ya jure taɓi, ba ya amsa tambaya, in aka yi masa tsawa zai iya rugawa da gudu, murafen lemo ne a aljihun.

Ya ce, "Ai mun san shi, Malama. Zan gaya wa baƙin su ƙyale shi."

"Za ka gaya wa kowa? Har wanda ya karɓe ka aiki ranar da aka tura ka unguwar Abbaganaram? Har masu sintiri a mota?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Gaskiya ba zan iya ba."

"To ku daina yi masa dariya. Ku tsayar da shi kamar yadda za ku tsayar da wanda ba ku sani ba."

Ya ce gobe in zo da shi. Ya ƙara da cewa, "Malama, ni fa tun tuni nake son in..." Na ce sai goben, na juya. Da muka isa gida Ya Kellu ta dama mini kunu na kasa sha.

Alhamis, 22 ga Mayu, da azahar

Kwana biyu ke nan. Jiya ni na fara faɗa a bakin igiya, Ba'ana na maimaitawa a bayana a hankali. Yau shi kaɗai ya faɗa, daga nesa yadda dokarsu take. Sau shida Manasse na wucewa, muna mayar da shi baya. A na bakwai ya tsaya.

Na ga ɗana a tsakiyar titi, kwat a buɗe, hannu sama, namiji da gora a gabansa. Ni na nema, ni na roƙa, amma sai da na kau da kai. Na yi sauri na isa gare shi, na raɗa masa kalmominmu a kunne, ya sauke, na ba shi dabinonsa. Samarin suka fara tafi, na ɗaga musu hannu su bari, tafi na firgita shi.

Ba'ana ya ce gobe zai sa wani ya faɗa, jibi wani, har da mai bindigar. Ya fi ni tsara abin, in faɗi gaskiya. Haushin hakan ma nake ji.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Murya biyar daban-daban, duk ya tsaya. Ban yi rawa ba.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

An fara gwaji, wayoyinmu duk suna durowar hedimistires. Goma saura kwata na daina gane abin da ke kan allo. Ya je ya dawo. Yaran layi ne a igiya, ba su tsayar da shi ba tunda ba na nan.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Yana barci. Yana da rai, yana barci. Bari in fara rubuta wannan.

Sha ɗaya da rabi na ga Ya Kellu a ƙofar aji, ba takalmi. Ba ta ce komai ba sai, "Zo." Ban san yadda na shiga keken ba. A hanya take gaya mini, numfashi na sarƙe ta. Ta kira wayata har ta gaji. Baƙo ne a igiya yau, wani daga can cikin gari. Ya ga kwat, ya daka tsawa. Manasse ya tsaya, ya buɗe, ya ɗaga hannu. Mutumin ya matso, ya leƙa aljihu ya ga murafe, ya ce wuce. Bai wuce ba. Ya sake cewa wuce, ya yi masa nuni da gora. Yana nan tsaye hannu sama yana kallon gabansa.

Daga nan mutumin ya tsorata, ya ja da baya da gudu. Mai shayi ya bar tukunyarsa, masu keke suka juya, aka fara ihu. Wasu suka fara tsintar duwatsu.

Ni na yi wannan. Na koya masa tsayawa, na koya masa ɗaga hannu, ban taɓa koya masa saukewa a bakin kowa ba sai nawa. Kullum ni ke zuwa in raɗa masa. Malamar shekara ashirin da huɗu, na koyar da rabin darasi na tafi aji.

Da muka iso, jama'a sun yi dafifi daga nesa, titin fayau. A tsakiya mutum biyu ne. Manasse, hannuwansa sun sauko har daidai kunne suna karkarwa, yana ta ƙoƙarin mayar da su sama. Gumi ya jiƙe kwat ɗin, wandonsa ma a jiƙe, leɓensa ya bushe fari. Fiye da awa ɗaya da rabi a ranar Maiduguri. A gabansa kuma Ba'ana, ya ajiye gora a ƙasa, ya ba jama'a fuska ya ba ɗana baya, ya ware babbar rigarsa sama da hannu biyu don inuwa ta sauka a kan yaron. An ce kiran sa aka yi ya taho daga gida da gudu, ya ce duk mai jifa ya fara da shi.

Na isa. Na ce, "An gama, ɗan Jona. Sauke."

Hannuwan suka faɗo kamar ba nasa ba. Ya miƙo mini tafi yana jiran dabino, ni kuwa babu ko ɗaya a jakata. Ba'ana ne ya ciro daga aljihu, ashe tun ɗazu yake lallashinsa da shi. Manasse ya ci, ya ce, "Jirgi ya zo." Ya riga ya zo ya tafi tuni, a kan kansa ya wuce.

Ba'ana ya zauna a kan duro yana haki. Ya ce, "Malama, na ce sauke, na ce shi ke nan, na ce jeka, da Hausa da Barbarci. Me kike ce masa? Ki koya mini, don Allah. Ba kullum za ki iso ba."

Na ce zan yi tunani. Ya Kellu ta harare ni har muka iso gida.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Kafaɗunsa sun yi tsami, na gasa masa da ruwan ɗumi. Ya riga ya sa kwat yana jera murafe a bakin gado.

Kalmomin nan nawa ne da shi. Su kaɗai suka rage mini da ban raba da layin nan ba. Kuma a bakin wa?

Laraba ɗin dai, da azahar

Hedimistires ta riƙe mini aji da kanta, ta ce in je.

Na kira Ba'ana gefe kafin Manasse ya iso, na faɗa masa kalmomin sau ɗaya. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Na ce a hankali ake faɗa, kusa da kunnen hagu, kada ya taɓa shi. Na ce in wannan ya zauna, sai mu koya masa "wuce" a bakin kowa, don baƙo ba zai san kalmominmu ba. Ya gyaɗa kai.

Wani yaro ya ce tsaya. Manasse ya tsaya, ya buɗe kwat, ya ɗaga hannu duk da tsamin. Ni ina can wajen mai shayi, na riƙe benci don kada ƙafata ta kai ni.

Ba'ana ya matsa kusa da shi. Ya ce, "An gama," sai ya kasa ƙarasawa. Ya goge fuska da hannun riga, ya sake, nan ma iyakarsa ke nan. Ɗana na tsaye yana jira, hannuwa na rawa. A na uku ya faɗa duka, bai kuma iya yi a hankali ba, har inda nake na ji sunan mijina a bakinsa, a kan titin nan.

Manasse ya yi jim. Ya juyo da kai yana nemana, abin da bai taɓa yi a hanya ba. Na cije leɓe ban motsa ba.

Ya sauke hannu, ya karɓi dabino a hannun Ba'ana, ya haye igiya ya nufi darbejiyarsa. Ni da Ba'ana muka tsaya kowa a inda yake muna kallon bayansa har ya sha kwana.